Tsakanin Turu da Ɗakin Gwaji: Tarihin Masu Taɓin Hankali da Cutar Ƙanjamau a Ƙasar Gaya da Ajingi

Yau gabashin Kano za mu nufa, ƙasar Gaya da Ajingi, domin mu bi tarihin wasu cututtuka biyu da ba a saba ambaton su tare ba. Ta farko ita ce nau'in taɓin hankalin da likitoci ke kira sikizofireniya. Ta biyu ita ce cuta mai karya garkuwar jiki, wato HIV, wadda idan ta yi tsanani ake ce mata ƙanjamau. Kowacce daga cikinsu tana da asibitinta da dokarta da masu yi mata yekuwa. Sai dai akwai mutanen da cututtukan biyu ke haɗuwa a jikinsu, kuma idan aka bi tarihin za a ga cewa kowane ɓangare ya ɗauka ɗayan ne ke kula da su.

Mutum nawa ake magana a kai?

Gaya tsohon gari ne. Labarin da aka gada ya ce Abagayawa, maƙeran da suka je Dala neman tama, daga Gaya suka fito. Ajingi maƙwabciyarta ce, dukkansu suna kan iyaka da Jigawa, kuma tun watan Yulin 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. Ƙidayar 2006 ta ba Gaya mutum kimanin dubu 200, ta ba Ajingi kimanin dubu 170. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane 300 a duniya yana fama da sikizofireniya. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan waccan ƙidaya, lissafin zai ba mu fiye da mutum 1,200 a ƙananan hukumomin biyu, tun kafin a sa ƙaruwar jama'a ta shekarun da suka biyo baya.

Mai wannan ciwo yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya tabbatar wa kansa cewa ana bin sa za a hallaka shi, ko maganarsa ta warwatse ba kai ba gindi. Wani kuma shiru zai yi, ya janye daga mutane, ya daina wanka, ya bar gona. Ciwon yakan fara ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara talatin, kuma yakan riga kama maza kafin mata. Ku lura da shekarun nan: su ne shekarun zance da aure da haihuwar fari da tafiya ci-rani. Sannan ciwon yana tashi yana lafawa. Wanda muke gani a bakin kasuwa cikin tsummoki ɗan kaɗan ne daga cikinsu. Mafi yawa suna cikin gidaje, suna noma, suna da mata ko miji, suna da 'ya'ya.

Kafin zuwan asibiti

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan larura, ya kuma ba ta sababai iri-iri: iska, shafar aljanu, sammu, ko gado. Magani ma ya bi sababin. 'Yan bori suna da girka, malamai suna da rubutu da tofi da hayaƙi, daga baya kuma ruƙiya ta yaɗu. Idan mutum ya fara duka ko gudu, sai a koma ga turu, wato gungumen icen da ake sa ƙafarsa a ciki, ko mari na ƙarfe. Duk wannan a cikin gida ake yin sa ko a zauren malami. Dangi su ne asibiti, su ne masu jinya, su ne masu gadi.

Abin da ya kamata marubuci ya sani shi ne fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Kano suka yi hukunci da shi bai kau da kai daga rayuwar aure ta mai taɓin hankali ba. Ya lissafa hauka a cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure idan an ɓoye musu, tare da kuturta da albaras da ciwon al'aura. Ya kuma tanadi a jinkirta wa mai ciwon shekara guda ko zai samu sauƙi. Wato malaman da suka tsara waɗannan hukunce-hukunce sun san mai ciwon yana aure, yana da jiki da buƙata, kuma abokin zamansa yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya. Wannan fahimta ta girmi duk wata dokar zamani da za mu ambata a ƙasa.

Zamanin Turawa: tsarewa kafin magani

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A Kudu suka buɗe gidan mahaukata na Kalaba a 1904 da na Yaba a Legas a 1907. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi mayar da hankali kan yadda za a kama mutum a tsare shi, ba yadda za a yi masa magani ba. A Arewa, wanda ya gagari danginsa ko ya yi ɓarna yakan ƙare ne a wani sashe na gidan yarin En'e. Rahoton da likita Cunyngham Brown ya rubuta a 1938, da wanda Carothers ya rubuta a 1956, duk sun nuna cewa wuraren sun fi kama da kurkuku fiye da asibiti.

A wancan zamanin ma akwai wata cutar saduwa da ke da alaƙa da hauka, ita ce tunjere. Idan ta daɗe a jiki ba magani takan hau ƙwaƙwalwa, mutum ya ruɗe, daga bisani ya shanye. A 1913 wani masani ɗan Japan, Hideyo Noguchi, ya gano ƙwayar cutar a cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da irin wannan hauka. Sai da allurar fenisilin ta yaɗu daga shekarun 1940 sannan irin wannan haukan ya ragu. Saboda haka tun kafin a ji sunan ƙanjamau, likitoci sun san cewa lafiyar al'aura da lafiyar ƙwaƙwalwa suna shiga juna.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin a shekarun 1950. A 1952 likitocin Faransa suka gano cewa maganin kulofuromazin yana kwantar da muryoyi da firgici. A 1954 kuma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyaci, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani da rana. Lambo ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Tsarin ya yi suna a duniya, domin ya gina magani a kan abin da jama'a suka riga suka saba, wato jinya a hannun dangi.

Arewa ta samu nata manyan asibitocin daga baya: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, sai Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ku dubi taswira. Gaya tana kimanin kilomita 60 gabas da birni ta hanyar Wudil, Dawanau kuwa tana kan hanyar Katsina, can ɗaya gefen. Uba daga wani ƙauyen Ajingi da zai kai ɗansa mai ciwo sai ya nemi mota da mutum biyu masu riƙe shi, ya ratsa birnin Kano gaba ɗaya, ya yi asarar yini guda na gona, sannan ya maimaita hakan duk wata. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Shi ya sa har gobe gidan malam da ɗakin baya suka fi asibiti kusa.

Zuwan ƙanjamau

An fara bayyana cutar ƙanjamau a Amurka a 1981, Nijeriya kuma ta sanar da samun ta a 1986. Shekaru da yawa mutane suna musun ta, har sai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito a watan Agustan 1997 ya faɗa wa duniya cewa ita ce ta kashe ƙanensa Fela. Gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu ya nuna yaɗuwarta ta tashi daga kashi 1.8 cikin 100 a 1991 zuwa kashi 5.8 a 2001. A ƙasar Hausa aka laƙaba mata "kabari kusa". Yarda da ma'aikatan lafiya ma ta yi rauni a Kano a daidai wannan lokaci, bayan gwajin maganin sanƙarau na kamfanin Pfizer a 1996 da ƙauracewa allurar shan inna a 2003.

Gwamnatin tarayya ta fara shirin bayar da maganin rage kaifin cutar a 2002, ya zama kyauta a 2006, kuma tallafin Amurka da ya fara a 2003 ya buɗe ɗakunan gwaji a manyan asibitocin jihohi. Babban binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 1.4 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. An samu nasara ƙwarai. To amma mu tuna saƙon da rediyo da allunan bakin titi suka yi shekaru suna maimaitawa: ka kame kanka, ka riƙe amanar aure, ka yi amfani da kwaroron roba, ka je a gwada ka. Kowace jimla a ciki tana magana ne da mutumin da ke da ikon cewa a'a, mai iya tuna ranar komawa asibiti, wanda idan ya yi ƙara za a saurare shi. Matar da muryoyi ke damun ta, wadda unguwa ta riga ta yanke cewa maganarta shirme ce, ba ta cikin waɗanda aka tsara saƙon dominsu.

Abin da bincike ya nuna

Likitocin ƙwaƙwalwa su ma sun daɗe suna ɗaukar cewa majinyatansu ba su da rayuwar jima'i. Wata likita a birnin Niyok, Francine Cournos, ta karya wannan zato a 1991, lokacin da ita da abokan aikinta suka samu HIV a jinin kashi 5.5 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a asibitocin ƙwaƙwalwa biyu, adadin da ya ninka na sauran jama'a sau da yawa. A 2016 wata mujallar likitoci ta Ingila ta tattara binciken ƙasashe daban-daban a kan masu taɓin hankali mai tsanani, ta samu kimanin kashi 6 a Arewacin Amurka, kashi 2 a Turai, da kashi 19 a Afirka. Wannan adadi na Afirka ya fito ne mafi yawa daga asibitocin ƙasashen da cutar ta yi katutu, don haka kuskure ne a ɗauke shi a ɗora wa Gaya. Darasin da ke ciki shi ne kusan duk inda aka duba, masu wannan larura sun fi maƙwabtansu kamuwa. Binciken asibitin Butabika na Kamfala a Yuganda ya ƙara da cewa mata ne suka fi shan wahalar.

Ta ina haɗarin ke shigowa? Hanya ta farko kuma mafi muni ita ce fyaɗe. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya taɓa jin an ce wance mai taɓin hankali ta yi ciki, kuma ba a san uban ba. Akwai ma camfin da ke yawo cewa kusantar irin wannan mata yana kawo arziki ko yana cika sharaɗin wani asiri. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya faɗa ƙarara a sashe na 282 cewa saduwa da macen da ba ta cikin hankalinta fyaɗe ne, ko da ta nuna alamar yarda. Doka tana nan, amma wa zai tsaya mata shaida?

Ta biyu ita ce yunwa. Wadda dangi suka gaji da ita, ko ta ɓace daga gida ta faɗa tasha ko kasuwa, takan ba da kanta don kwanon abinci ko wurin kwana. Ta uku ita ce aure da saki. Akwai imanin cewa "a yi masa aure zai natsu", sai a ɓoye ciwon a ɗaura, ciwo ya tashi a yi saki, a sake ɗaurawa da wani. Kowane zagaye sabon jiki ne ya shigo ba tare da gwaji ba, kuma haɗarin yana iya zuwa daga kowane ɓangare. Ta huɗu ita ce shaye-shaye, wanda yakan haɗu da wannan ciwo ya ƙara dagula tunani. Mun tuna yadda matsalar kodin ta kai gwamnatin tarayya ta hana shi a watan Mayun 2018. Ta biyar kuma ita ce wuraren da ake tara majinyata a ɗaure. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ceto sun ba da labarin lalata da aka yi da su. A irin waɗannan wurare ma aska ɗaya kan bi kawuna da yawa.

Magani biyu a jiki ɗaya

Ko an gano cutar, aiki bai ƙare ba. Maganin HIV kullum ake shan sa har ƙarshen rayuwa, kuma wanda ya riƙe shi da kyau har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa. Amma mutumin da ciwonsa ke gaya masa cewa an sa masa guba a abinci, yaya zai yarda da ƙwaya kullum? Idan ciwon ƙwaƙwalwa ya tashi, shan maganin HIV yakan tsaya tare da shi.

Magungunan ma suna taɓa juna. Efabirenz, wanda aka daɗe ana bayarwa a Nijeriya kafin a koma dolutegirabir a 'yan shekarun nan, yakan jawo munanan mafarkai da ruɗewa, a wasu ma ya tayar da ciwon da ya kwanta. Kabamazafin, da ake bai wa masu farfaɗiya da wasu masu taɓin hankali, yana rage ƙarfin dolutegirabir da na wasu magungunan tazarar haihuwa. Haloferidol da risferidon kuwa sukan ɗaga sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, sai mace ta ga jinin al'adarta ya ɗauke, namiji kuma ya ji ƙarfinsa ya ragu. Magidanci da ya ga haka yakan ajiye maganin shiru, domin kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa malamin asibiti ba, shi ma malamin bai tambaya ba. Bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo, a ce ai dama hauka ba ya warkewa sai dai rangwame. Ga kuma wata fuskar: HIV da ta daɗe ba magani tana iya hawa ƙwaƙwalwa da kanta, ta kawo mantuwa da ruɗewa. Mutumin da ya fara sambatu yana da shekara arba'in, yana rama, yana yawan zazzaɓi, gwajin jini yake buƙata kafin a yanke cewa aljanu ne.

Duk wannan yana buƙatar mai ba da maganin ƙwaƙwalwa da mai ba da maganin HIV su san da juna. Tarihin da muka bi ya raba su: ɗaya ya taso daga gidan tsarewa, ɗaya daga shirin tallafi mai nasa kati da nasa rajista da tasa ranar asibiti.

Aure, gwaji da sababbin dokoki

Kano ta shigar da gwajin HIV cikin sha'anin aure ta ƙofar Hisbah. Auren zawarawa da aka fara a 2012 ya sa gwaji ya zama sharaɗi, a watan Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da tunjere da rukunin jini na sikila kafin ɗaurin aure. Wata mai bincike 'yar Amurka, Kathryn Rhine, ta yi shekaru tana nazarin matan Kano masu ɗauke da HIV, kuma littafinta na 2016 ya nuna yadda suke ɓoye sirrinsu da yadda ƙungiyoyinsu ke haɗa aure a tsakaninsu. Wato al'umma ta samo wa mai HIV hanyar aure cikin mutunci. Mai taɓin hankali kuwa sau da yawa aurensa a gaggauce ake yin sa, da sadaki kaɗan, ga wanda ba zai yi tambaya ba, kuma irin wannan aure ne ya fi sauƙin zamewa daga gwaji.

A matakin tarayya, dokar 2014 ta hana nuna wariya ga mai HIV, ta kuma kare sirrin sakamakonsa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 bayan shekara 65. Ta ba majinyaci haƙƙin a nemi yardarsa, a kare sirrinsa, a kuma daina cin zarafinsa da ɗaure shi da sarƙa. Nan ma akwai tambaya mai nauyi ga iyali: idan an gwada 'yarku mai ciwo, wa za a gaya wa sakamakon? Amsar da ta dace da dokokin biyu ita ce a jira lokacin da hankalinta ya kwanta, a yi mata bayani ita kanta, ta zaɓi mutum ɗaya da ta amince da shi ya riƙa tuna mata magani. Taɓin hankali ba ya mayar da sirrin mutum kayan zaure.

Abin da zai yiwu a Gaya da Ajingi

Tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sa kula da ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin matakin farko, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba don su gane ciwon su fara magani. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokansa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar majinyata a gidajen masu maganin gargajiya da masu addu'a. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Tunanin Lambo ne ya dawo bayan shekara sittin da 'yan kai, kuma ya dace da ƙasar da malami ke ganin mai ciwo kafin likita ya gan shi.

Abubuwan da ake buƙata ba su fi ƙarfin babban asibitin Gaya ko ƙananan asibitocin Ajingi ba. Gwajin HIV ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin mintoci. Akwai allurar wata-wata ga wanda ba ya iya riƙe ƙwayar ƙwaƙwalwa. Mai ciki da ke shan maganin HIV tana iya haihuwar jariri lafiya lau. Wadda aka yi wa fyaɗe, idan aka kai ta asibiti cikin awa 72, akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar kama jiki, kuma don irin wannan aka buɗe cibiyar Waraka a Asibitin Murtala a Kano. Awa 72 ɗin nan sukan ƙare ne a zaman sulhu da neman rufin asiri, alhali ana iya kai ta asibiti da safe a yi zaman da yamma.

Ina marubuci ya shigo?

Mu duba yadda muke rubuta mahaukaci a littattafanmu da finafinanmu. Ko dai abin dariya ne a bakin kasuwa, ko kuma hukunci ne: kishiya ta yi asiri ya koma kanta, ta fita tsirara, labari ya ƙare. Ƙanjamau ma haka muka yi da ita shekaru da yawa, muka mayar da ita sakamakon 'yar bariki ko attajiri mazinaci a babin ƙarshe. Idan cuta ta zama bulala a hannun marubuci, mai karatu zai koyi cewa duk mai ɗauke da ita ya cancanci abin da ya same shi. Matar da ke ɗauke da duka biyun kuwa, ba tare da ta zaɓi ko ɗaya ba, babu inda za ta tsaya a irin wannan labari.

Ga shawarwari uku. Na farko, kalma. "Mai taɓin hankali" ko "mai larurar ƙwaƙwalwa" ya bar wa mutum sunansa, "mahaukaciya" kuwa ya shafe shi. Ku bar wannan kalma a bakin jarumin da halinsa ya dace da faɗin ta, kada ta zama muryar marubuci. Ku kuma bambanta HIV, wato ƙwayar da mutum zai iya rayuwa da ita shekaru da yawa yana shan magani, da ƙanjamau, wato matakin da garkuwa ta riga ta karye. Na biyu, gaskiyar ciwon. Ku nuna yana tashi yana lafawa, ku nuna ranar da jarumarku ta yi tuwo ta yi kitso ta yi dariya, domin a nan ne mai karatu zai ji zafin ranar da ciwon ya dawo. Na uku, ku nemi labarin a inda yake: uwar da ke lissafin kuɗin mota daga Ajingi zuwa Dawanau, waliyyin da ke shawarar ko ya faɗa wa dangin ango gaskiya, mijin da ya ɓoye ƙwayoyinsa a ƙarƙashin tabarma saboda abin da yake jin kunyar faɗa, malamar asibitin da ke riƙe da sakamakon gwaji tana tunanin wa za ta kira.

Aikin wannan mako ga mai sha'awa: gajeren labari da bai wuce kalma 800 ba, wanda jaruminsa ko jarumarsa ke da taɓin hankali, kuma shi ne ke ba da labarin da bakinsa. Kada a sa sunan wani mutum na gaske ko abin da zai sa a gane shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.